Littafin da Muka Yanka Biyar

Lahadi, da hantsi

Ba zan ba da makullin ba. Na sa wannan a saman shafi domin in gobe wani ya zo mini da tattausar murya yana neman ya lallashe ni, in dawo in ga rubutun hannuna in ji kunya.

Jiya Shugaban kwamitin masallacin unguwarmu ya aiko mini da saƙo. Wai a dakatar da zaman Asabar, a rufe ɗakin, a kai masa makulli "har hankula su kwanta". Ɗakin wa? Ɗakin littattafan marigayi Baba, a gidanmu na gado, inda Inna take zaune har yau. Laifin ɗakin kawai ƙofarsa na kallon titi. Shekara da shekaru muna taruwa a ciki duk Asabar, mu 'yan kaɗan, mu karanta littafi, mu yi ta musu har shayi ya huce, babu wanda ya taɓa sanin muna duniya. Yau ga shi mun yi suna. Da na san haka ake yin suna, da na ɗinka sabuwar riga.

Duk a kan littafi ɗaya. In za a bi gaskiya ma, a kan kashi ɗaya cikin biyar na littafi ɗaya.

Litinin, bayan an tashi aiki

Bari in rubuta yadda abin yake, tunda a gari kowa ya fi ni sani.

Aikina gyaran kurakurai ne a maɗaba'a. Idan littafi mai kauri ya zo hannunmu, kwafi ɗaya tak, ga masu jira da yawa, sai in tafi da shi wurin aiki in sa shi ƙarƙashin wuƙar inji in sare masa gadon baya. In raba shi kashi-kashi, in ɗinke kowane da zare, in yi masa bango da ragowar kwali. Sai a yi ta musaya. Wanda ya samu tsakiya ya fara daga tsakiya. Malamar Lissafi, wadda ta fi kowa daɗewa a zaman, ta taɓa yin makokin wani jarumi kafin ta kai inda aka haife shi. Haka muke yi tun farko, kuma ba mu taɓa kashe kowa ba.

Wannan karon labarin tashin duniya ne, irin wanda ke sa mutum ya manta da abinci a kan wuta. Ruwan sama ya ƙi tsayawa, teku na cinye garuruwa ɗaya bayan ɗaya, sauran birni guda a kan tudu. A tsakiyarsa akwai wani ƙaton gidan ibada mai ƙofofin ƙarfe, na wani addini da marubucin ya ƙirƙira daga kansa, a hannun wasu da ake kira Masu Ƙofa. Su ke cewa wane ya shiga, wane ya tsaya a waje. Wata 'yar jarida na bin diddiginsu, su kuma suna farautarta. A kashi na uku, wanda na yi wa jan bango saboda jan kwali ne ya rage a ranar, Babban Mai Ƙofa ya tsaya a kan matakala yana yi wa jama'a wa'azin haƙuri. Ruwa ya kawo musu gwiwa. Makulli na cikin aljihunsa.

Marubucin bai taɓa Allah ba ko da kalma ɗaya. Masu tsaron ƙofa ya taɓa. Amma je ka bayyana wa mutumin da ya riga ya naɗe hannun riga.

Jan kashin ne ya fita daga hannunmu. Wani ya ɗauki hotunan shafukansa, yanzu yana cikin kowace waya. Sai kuma ɗan bidiyon nan na waccan Asabar, wanda bai kai a tsaya ana magana a kansa ba.

Talata, da safe

Auta bai ɗaga waya ba.

Talata, da yamma

Bai ɗaga ba. Ƙanina, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ni na koya masa ɗaure igiyar takalmi. A waje shi ne Na'ibi, mai jan salla in Liman ba ya nan, mai karantar da mutane bayan la'asar. A gidanmu Auta ne, ko gemunsa zai kai ƙasa.

Laraba, da rana

Likitan Haƙori ya same ni a wurin aiki. Ɗan zamanmu ne, kuma duk inda ya shiga ƙamshin asibiti ke riga shi sallama.

"Malam, mun ci nasara!"

"A wane yaƙi?"

"Gari ya girgiza! Buga mini jan nan da yawa in ajiye a asibiti. Duk wanda ya buɗe baki in danƙa masa ɗaya."

"Likita, kashi nawa ka karanta?"

"Jan mana. Ai shi ne littafin. Sauran duk ciko ne."

Ka ji. Masu son ƙona littafin ja suka karanta. Mai son rataya shi a wuya ja ya karanta. Ban san wanda ya fi ba ni haushi ba. Likita ya rantse Babban Mai Ƙofa surukinsa ne sak, har tafiyar. Maigidanmu na maɗaba'a, da yake jin mu daga bayan inji, ya ce a'a, da mutanen ɗaya masallacin na tsallaken titi ake, shi tun layin farko ya gane su. Na tabbata can tsallaken titi ma sun gane shi tun layin farko. Mutum ya rubuta littafi kan tashin duniya, kowa ya shiga ciki ya nemo maƙwabcinsa.

Da yamma Malama ta bugo. Ta ce ita fa ruwan ne bai yi mata ba. In da gaske haka ake zuba shi, tudun nan ya kamata ya nutse tun a kashi na biyu, ta lissafa har sau biyu. A duk faɗin garin nan ita kaɗai ke sukar littafin saboda abin da ke cikinsa. Allah Ya yi mata albarka.

Alhamis, kafin in fita

Matata, wadda nake kira Gwamnati saboda ba a ɗaukaka ƙara a kan hukuncinta, ta ajiye wayarta kusa da kofina.

"Ka kalla?"

"Me zan kalla? Ni ne a ciki."

"Ka san abin da ka yi. Ba ka ga yadda ya fito ba."

"Karatu na yi da ƙarfi, kamar yadda nake yi kullum. Wa'azin mugun labari ne, dole a ba shi murya."

"Muryar wa ka ba shi?"

"Murya ce kawai."

"Ka yi gyaran murya sau biyu. Ka yi shiru. Ka ɗaga ɗan yatsa ka ce, 'To.' Mutum nawa ne a unguwar nan ke fara magana haka?"

"Ai dariya aka yi."

"An yi. Har yanzu ana yi."

Na ce mata tun yana rarrafe nake kwaikwayonsa, wasa ne tsakanin wa da ƙane. Ta ce, "A tsakar gida. Ba a wayar duniya ba." Ta ɗauke kofin ban gama ba.

Ba ni na ɗauki bidiyon ba. Ban san wanda ya ɗauka ba. Ranar akwai baƙin fuskoki, kuma ni in ina karatu ba na ganin kowa.

Ga abin da ke ƙona ni. Auta ba ya zuwa zamanmu, matsayinsa bai bari ba, amma mai karatu ne na ɓoye. Kuma tun yana ƙarami ba ya iya fara labari sai ya san yadda ya ƙare, cikinsa ke ciwo. Saboda haka duk littafin da na yanka, kashin ƙarshe nasa ne da farko. In ajiye a kan firij ɗin Inna, ya ɗauka in ya zo gaishe ta, ba mai cewa uffan. Na wannan littafin, mai koren bango, yana hannunsa tun kafin rikici. Wato a duk garin nan mutum ɗaya ne ya san ƙarshen labarin, kuma shi ne ya kama bakinsa. A kashi na huɗu akwai wani ƙaramin Mai Ƙofa da ya fara kasa barci, yana shafa makullin ƙofar gefe. Ko makaho ya san shi zai buɗe wa mutane a ƙarshe. Auta ya tashi ya ce, "Jama'a, na karanta, mai addini ne ya ceci kowa," magana ta mutu. Amma shiru.

Juma'a, da rana

Na yi salla a masallacin kusa da wurin aiki. Ya fi kusa. Babu wani dalili.

Asabar, da yamma

Mu uku muka zo: ni, Likita, Malama. Sauran duk rashin lafiya ta kama su rana ɗaya. Wani ma ya aiko cewa hawan jini, mutumin da ban taɓa ganin ya hau ko matakala da sauri ba.

An yi mana rubutu da gawayi a jikin ƙofa. Ba zan kwafe shi nan ba. Hannun mai kyau ne, na yaba, sai dai ya manta ƙugiyar harafi guda, kuma da ƙyar na hana kaina gyarawa.

Mun zauna. Ɗakin yana nan yadda Baba ya bar shi: kantoci uku da ya haɗa da kansa, na tsakiya ya lanƙwashe kamar bayan tsohuwa, tebur mai ƙafa ɗaya gajera da ƙamus ke tallafe da ita, fanka mai kukan kaza. Tabarau ɗinsa har yanzu yana cikin gwangwanin fensir. A nan na koyi cewa ana iya yi wa littafi gardama. Baba kan rubuta a gefen shafi, "Ƙarya kake, ɗan'uwa," ga marubucin da ya mutu tun kafin a haifi kakansa.

Likita ya kawo shawarar mu yi taron manema labarai. Malama ta tambaye shi wane labari ne suka nema. Ba mu karanta komai ba.

Ba zan ba da makullin ba.

Litinin, da yamma

Na je wurin Shugaba da ƙafata, a shagonsa na kayan gini. Ya karɓe ni tsakanin buhunan siminti, ya sa aka goge mini kujera. Na so a ce ya yi mini ihu. Ya fi sauƙi.

Ya buga jan kashin a takarda, ya ja layi da biro ƙarƙashin wurare. Ya karanta tsaf, dole in ba shi wannan.

"Nan ya ce, 'masu dogayen riguna'. Da wa yake?"

"Da masu dogayen riguna na cikin littafin, ranka ya daɗe."

"Ni ma doguwar riga ce a jikina."

"Ni ma ita ce. Ka ga mun nutse tare."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, ni ban iya wasa da magana irin naku ba. Abin da na sani, mutane na zuwa suna ce mini ba za su bi sallar wanda ake izgili da masu wa'azi a gidan ubansa ba. Wasu kuma na cewa shi ne ma aka yi izgilin da shi, kuma ya kasa tsawata wa wansa. Ko ta ina shi ne a ƙasa. Kwamiti ya zauna. Ko a rufe ɗakin nan, ko Na'ibi ya sauka kafin Juma'ar sama. Ni ba na son ya sauka. Mutumin kirki ne."

"Da kun karanta littafin duka..."

"To, yaya ya ƙare?"

Na ce ya ƙare da kyau.

Na karanta huɗu cikin biyar. Huɗu ya fi ɗaya, ko Malama za ta shaida.

Wato yanzu ɗakin Baba a hannu ɗaya, kujerar Auta a ɗaya hannun, kuma ni aka ba ma'aunin. Mutanen da ba su taɓa buɗe littafi ba sai don su kashe sauro. A hanyar dawowa na yi ta shirya amsoshin da ya kamata in ba shi. Masu kyau ne ƙwarai. Kullum a hanya suke zuwa.

Talata, da safe

Na bar kuskure uku a katin gayyatar wani biki. Ni. Maigida ya dube ni kamar likita.

Laraba, bayan an tashi aiki

A bas wani mutum mai jakar kayan wuta ya ba fasinjoji labarin littafin. Yanzu an kai inda marubucin ya faɗi ranar da duniya za ta tashi, wai wata Alhamis ce, kuma an kama wasu malaman boko a wani ɗaki suna karanta shi da kyandir sun juya baya ga alƙibla. Wata mata ta ce ita ta ji ma duk wanda ya kai ƙarshensa sai ya haukace. Na yi ajiyar zuciya. Ashe Auta kaɗai ke cikin haɗari.

Na ce, "Ɗan'uwa, ka karanta?"

"Allah Ya kiyaye! Ni in karanta wannan?"

"To yaya aka yi ka sani?"

"Ai a waya yake. Har da bidiyon shugabansu, wani tsoho mai ƙaton ciki yana kwaikwayon Na'ibi. Wallahi ya iya, ɗan banza!"

Bas ya kwashe da dariya. Na sauka tun ban kai tashata ba. Ƙaton ciki! Wayar ce ke faɗaɗa mutum.

Abin da ya fi ba ni takaici, labarinsa ya fi na marubucin armashi.

Alhamis, da la'asar

Na je gaishe da Inna. Na tarar da ita tana ninke kayan wanki a kan gado. Na leƙa saman firij, babu komai sai kwalbar maganinta.

"Mai littafi," ta ce. Haka take kirana in akwai magana.

"Inna, kin tashi lafiya?"

"An nuna mini abin naka."

"Wasa ne, Inna. Mutane ne suka..."

"Ido ba ya gani sosai, sai na rufe shi na saurara." Ta ninke zane biyu, ta sake ninkewa. "Ubanku na ji."

Na ce ban gane ba.

"Ka gane. Sau biyu, sai shiru, sai 'To.' Wa ke yin haka in zai yi muku faɗa a kan tebur? Ka manta ne, ko ka ɗauka Auta ya ƙirƙira? Lokacin da ubanku ya rasu kai ka girma, ka ɗauki ɗaki, ka ɗauki littattafai, har tabarau. Shi yana ƙarami, me ya samu? Wannan gyaran muryar kaɗai ya tsinta. Ina ganinsa ta taga yana tsaye gaban madubi yana koya. Ban taɓa hana shi ba. Ni ma ina son ji."

Fankar ɗakinta na ta juyawa. Na ce shayin da ta haɗa mini ya yi sukari da yawa, ba shi da kyau ga mai shekarunta. Ta ce, "Kai ne za ka sha, ba ni ba."

Ina jin haushin kowa. Shugaba, Likita, mai jakar kayan wuta, wanda ya ɗauki bidiyon, marubucin da ke can wata ƙasa yana cin abincinsa lafiya. Har Inna ina jin haushinta, Allah Ya yafe mini.

Juma'a, da rana

Masallacin kusa da wurin aiki. Ya fi kusa.

Asabar, da yamma

Ban buɗe ɗakin ba yau. Na ce wa su Likita ina mura.

Na je masallacinmu la'asar, na zauna bayan ginshiƙi. Da aka idar, aka kawo wa Auta ɗan teburinsa na karatu. Ya rame. Ko hular ce ta yi masa yawa. Ya buɗe littafi, ya gyara zama, ya ja numfashi.

Sai daga sahun baya wani ya riga shi. Ba yaro ba, mutum mai furfura a gemu. A hankali, kamar tari: sau biyu. Wani kuma daga ɗaya gefen ya amsa, "To." Dariya ta bi sahu ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi da kafaɗa.

Auta bai ɗaga kai ba. Na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya haɗiye abin. Ya fara karatu kai tsaye, babu gyaran murya, babu shiru, kamar mai saukowa daga bene da ya tsallake matakala ɗaya. Ya karanta da kyau. Babu wanda ya san an rasa wani abu sai ni.

Na so in tashi in shaƙe mai furfurar nan. Har na dafa ginshiƙi. Sai na lura ba su iya kwaikwayon Auta ba ko kaɗan. Jan muryar da ɗayan ya yi a ƙarshen "To" ɗin, Auta ba ya yin haka. Baba ma ba ya yi. Ni na ƙara shi, don a yi dariya.

Na fita ta ƙofar gefe.

Lahadi, da hantsi

Ba zan ba da makullin ga Shugaba ba.

Litinin, da yamma

Na je na share ɗakin. Na wanke rubutun gawayin, har da harafin da ba shi da ƙugiya. Na rufe kantoci da tsofaffin zannuwan gado. Na ɗauki ƙamus daga ƙarƙashin ƙafar tebur don kada sanyin ƙasa ya ci shi, na sa bulo a madadinsa. Tabarau na bar shi inda yake.

Likita ya ce mu koma ɗakin jira na asibitinsa, Asabar ba ya ganin marasa lafiya. Za mu tattauna adabi a ƙarƙashin hoton ruɓaɓɓen haƙori. Ya kuma ce na ci amanar 'yancin tunani. Na ce masa ya fara karanta kashi na ɗaya tukuna, 'yancin tunani zai jira shi.

Gwamnati ba ta ɗauke kofina ba yau. Ta dai bar ni na gama shayina.

Na bar saƙo wurin Inna: Laraba, bayan la'asar, a ɗakin Baba.

Laraba, gab da magariba

Ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon zannuwan da ke kan kantoci.

"Yaya."

"Na'ibi."

"Kada ka fara."

Na ajiye makullin a kan tebur. "Ga shi. Kai za ka rufe da hannunka, su gani. Amma ba zai kwana a shagon siminti ba. Wurin Inna zai zauna."

"Ban ce ka kawo ba."

"Na sani."

"Da na sauka, Yaya. Na riga na yanke. Ɗakin Baba ne."

"Ka sauka ka yi me? Ko ƙwan fitila ba ka iya canzawa ba. Ɗauki."

Bai ɗauka nan da nan ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da koren kashin, ya lanƙwashe, gefensa duk ya yi laushi. Ya ajiye kusa da makullin.

Na ce, "Ƙaramin Mai Ƙofa ya buɗe, ko?"

"Bai buɗe ba."

"To me ya faru?"

"Jirgi mai saukar ungulu ya zo."

"Me?"

"'Yar jaridar ta samu jirgi. Ta tsira, ita da saurayinta da karen. Sauran duk sun nutse, na ciki da na waje. Wai akwai littafi na biyu."

"Wane kare?"

"A kashi na biyar ya shigo."

Na zauna a kan tebur, bulon ya goce, na kusa faɗuwa. Na tuna yadda na kalli Shugaba ido cikin ido na ce ya ƙare da kyau.

"Shi ya sa ka yi shiru?"

"Me zan ce? In tashi a gaban jama'a in ce ku kwantar da hankalinku, akwai kare?"

Muka yi dariya. Ba mai yawa ba. Sai ya daina.

"Jan kashin ne kaɗai mai kyau a littafin, Yaya. Na karanta a waya, kamar kowa. Mutumin nan da ke kan matakala, na san shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mutane suna sauraronsa ya san shi. Kullum ina tsoron kada in waye gari in tarar na zama shi. Da ka ajiye mini a kan firij ka ce, Auta duba wannan, wallahi da na yi karatu a kansa bayan la'asar, Shugaba na zaune a sahun farko. Amma sai ka ba shi muryata."

Na faɗi wata magana. Ba sai na rubuta ta nan ba. Gajera ce, kuma ta fi duk abin da na karanta a ɗakin nan wuyar fita.

Ya ce, "Na ji."

Muka fito. Ya ja ƙofa, ya murɗa makulli. Kwaɗon Baba sai an ɗaga shi sama kaɗan kafin ya kama, ya sani, ban faɗa masa ba. A tsallaken titi mutum biyu daga kwamiti sun tsaya suna duba tayar wata mota da ba tasu ba. Sun gani. Ya shiga gida ya ba Inna makullin, ta ɗaure a bakin zanenta ba ta tambayi kowa komai ba.

Na raka shi bakin titi. Ina jin kamar an cire mini haƙori, Likita zai ji daɗin wannan misalin. Har yanzu ina jin haushi. Ɗakin ya rufu, littafin shirme ne, wanda ya ɗauki bidiyon yana can yana yawo da wayarsa, kuma Asabar zan zauna a kujerar roba ina shaƙar maganin kurkure baki.

Har ya yi taku biyu sai ya juyo. Ya dubi titi, ya dube ni. Ya yi gyaran murya, sau biyu. Ya yi shiru. Ya ɗaga ɗan yatsa.

"To," ya ce. "Wane littafi ne na gaba? Ka ajiye mini ƙarshen a kan firij."

Ban yi dariya ba.